Me kike so ki yi gobe? Nazarin gwajin da aka yi da tsofaffi masu ciwon damuwa a Louisville

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan kula da tsofaffi a nan Amurka ya san tiren abincin nan da yake komawa kicin yadda aka kai shi, ko murfin ba a ɗaga ba. Za ka shiga ɗakin ka tarar da baiwar Allah a keken guragu ta juya wa ƙofa baya, talabijin na ta surutunta ita kaɗai, ka ce mata ana wasan bingo a falo ko za ta je, ta girgiza kai kawai. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kafin sati biyu kai kanka ka daina tambaya, sai dai ka rubuta a fayil cewa ta ƙi, ka wuce ɗaki na gaba tunda akwai mutum goma da suke jiranka ka yi musu wanka ka canza musu kaya. Nima na rubuta wannan "ta ƙi" ɗin ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma har yanzu abun yana ci mini rai, shi ya sa da na ci karo da aikin da aka yi a Louisville na zauna na bi shi tun daga tushe.

Louisville dai birni ne a jihar Kentucky, a bakin kogin Ohio, garin su Muhammad Ali. Gidajen kula da tsofaffi a Amurka sun kai wajen dubu 15, mutanen da ke zaune cikinsu sun haura miliyan ɗaya, kuma ciwon damuwa na cikin abubuwan da suka fi addabar su. Ba wai ba a san da shi ba ne. Tun 1987 dokar tarayya ta wajabta wa gidajen nan su tanadi harkokin da za su dace da buƙatar kowane mazauni, kuma daga watan Oktoban 2010 fom ɗin tantancewar da gwamnati ta ɗora musu ya ƙunshi tambayoyi tara a kan yanayin zuciyar mutum, ana tambayar shi kansa kai tsaye. Akwai kuma ma'aunin ciwon damuwa na tsofaffi da likita Jerome Yesavage da abokan aikinsa suka fitar tun farkon shekarun 1980, wanda gajeren sa tambaya 15 ne, eh ko a'a. Toh an auna, an gano. Sai me? Galibi sai likita ya rubuta ƙwaya, nas ta ƙara ta cikin ɗan kofin maganin safe, shikenan an sallami magana.

Ni ba na cikin masu cewa ƙwayar ba ta da amfani, na ga waɗanda ta taimaka musu sosai. Amma a tsofaffi, musamman masu ciwon mantuwa, labarin bai kai yadda ake zato ba. A 2011 an buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Ingila ƙarƙashin farfesa Sube Banerjee, mutum 326 masu ciwon mantuwa haɗe da damuwa, aka ba wasu sertraline, wasu mirtazapine, duka biyun magungunan damuwa ne, wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan mako 13 ba a ga wani bambanci ba a tsakaninsu, sai ma illolin da suka fi yawa a wajen masu shan maganin gaske. Kuma ka tuna tsohon da ke gidan nan dama yana shan na hawan jini da na suga da na ciwon gaɓoɓi, kowace ƙwaya da aka ƙara tana iya kawo jiri, jiri kuma a wannan shekarun faɗuwa ce, faɗuwa kuma karayar ƙugu.

Farfesa Suzanne Meeks ta Jami'ar Louisville, masaniyar halayyar ɗan adam ce da ta daɗe tana aiki a kan lafiyar ƙwaƙwalwar tsofaffi, ita ce ta jagoranci tsarin da suka sa wa suna BE-ACTIV, wato magance damuwa ta hanyar ƙara wa mutum harkokin da yake jin daɗinsu. Tunanin ba nata ba ne daga farko. Ya samo asali ne daga Peter Lewinsohn na Jami'ar Oregon a shekarun 1970, wanda ya kalli ciwon damuwa ta wata fuska mai sauƙin ganewa: mutum ya rasa abubuwan da suke sa masa daɗi a rayuwarsa ta yau da gobe, ransa ya yi nauyi, nauyin ya sa ya janye jikinsa daga mutane da harkoki, janyewar ta sa ya ƙara rasa ɗan abun da ya rage, haka abun zai yi ta zagayawa yana nutsewa. In haka ne, to ba sai an jira zuciya ta so ba kafin a motsa. A fara motsawa, zuciyar za ta biyo baya. Har wani dogon jeri shi da abokan aikinsa suka haɗa na abubuwa 320 da kan faranta wa mutane rai, a ba mutum ya nuna waɗanne ne nasa kuma sau nawa ya same su kwanan nan.

Ka ɗora wannan a kan wanda aka kawo gidan tsofaffi ka gani. A rana ɗaya ya rabu da gidansa da kicin ɗinsa da maƙwabcin da suke gaisawa ta kan shinge da karensa da motarsa da cocinsu, wataƙila kuma matarsa ba ta daɗe da rasuwa ba, ga shanyewar ɓarin jiki. Lokacin tashi an yanka masa, lokacin wanka an yanka masa, abun da zai ci an zaɓa masa. Wallahi in ka lissafa za ka ga kusan duk wata ƙofar da daɗi ke shigo masa an rufe ta lokaci guda. Abun mamaki ma shi ne waɗanda ba su kamu ba.

Linda Teri ta Jami'ar Washington da ke Seattle ita ta fara kai wannan tunanin wajen masu ciwon mantuwa. A 1997 ta buga gwajin da ta yi da tsofaffi 72 tare da masu kula da su a gida, mako tara, ana koya wa mai kulawar yadda zai ƙara abubuwan jin daɗi a ranar majinyaci ko yadda zai warware matsalolin da ke tasowa, kuma damuwar ta ragu a wajen majinyatan, har su masu kulawar ma suka samu sauƙi. Amma fa wannan a gida ne, inda akwai ɗiya ko miji da ke tsaye a kan mutum ɗaya dare da rana. A gidan tsofaffi wa zai tsaya? Nan ne ainihin matsalar da Meeks ta zauna a kai, ita da Teri da Kimberly Van Haitsma da Stephen Looney. Sun fara da ƙananan gwaje-gwaje da suka buga a 2006 da 2008 kafin su shiga babban.

Amsar da suka samo ita ce a raba aikin gida biyu. Mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa zai riƙa zuwa daga waje yana zama da mazaunin sau ɗaya a sati har mako goma. Amma shi baƙo ne, rabin awa ko fiye kaɗan zai yi ya tafi. Wanda zai sa abun ya faru a sauran kwana shida na satin ma'aikacin ɓangaren nishaɗi ne na gidan, irin waɗanda suke shirya bingo da bikin ranar haihuwa da kawo masu waƙa. Su aka ba horo, aka haɗa kowane mazauni da ɗaya daga cikinsu. Wannan zaɓin ya burge ni gaskiya, don da mu mataimakan nas suka ɗora wa da tun sati na biyu abun ya mutu, ba dan ba ma so ba, hannunmu ne a cike. Su kuwa 'yan nishaɗi dama aikinsu kenan, abun da aka canza musu kawai shi ne maimakon su tsara abu ɗaya wa mutum talatin su yi ta kira, su tsara ɗan ƙaramin abu wa mutum ɗaya wanda shi ya ce yana so.

Zaman farko na tambaya ne. Sun rage wancan dogon jerin ya koma abubuwa 30 da za su yiwu a cikin gidan tsofaffi, irin su zama a waje a sha iska, sauraron waƙa, shan kofi da wani, gyaran gashi, hira a waya. Ana bi ɗaya bayan ɗaya: wannan yana miki daɗi? kina samunsa a nan? yaushe rabonki da shi? Kuma a nan ake ganin abun da ciwon yake yi wa mutum, don mai damuwa in ka tambaye shi me kake so amsarsa ɗaya ce, ba komai. Ba taurin kai ba ne, da gaske ya manta ɗanɗanon abun. Shi ya sa jerin yake da amfani, ba ka bar shi ya lalubo da kansa ba, kai kake miƙo masa yana cewa eh ko a'a, kuma in ya ce da dai ina so amma yanzu ina, to ka kama bakin zaren.

Daga nan sai a zaɓi abu biyu ko uku a sa su a kalandar satin, da rana da lokaci da sunan wanda zai taimaka. Ba a cewa "a riƙa fitar da ita waje", cewa ake ranar Talata bayan abincin rana wance za ta tura ta zuwa baranda minti goma sha biyar. Sati mai zuwa a zauna a duba, an yi ko ba a yi ba, in an yi yaya ta ji, in ba a yi ba me ya hana. Mafi yawan makonnin tsakiya a kan wannan "me ya hana" ɗin suke ƙarewa, kuma abubuwan da ke hanawa ƙanana ne har ka ji haushi: batirin na'urar jin magana ya mutu ba wanda ya lura, tabarau ya ɓace a wajen wanki, lokacin da aka sa ya ci karo da na masu gashin ƙashi, maganin safe yana sa ta barci har sha ɗaya, ko kuma tana jin kunyar fita ne saboda fitsari yana kufce mata kuma ba ta gaya wa kowa ba. Kowanne da maganinsa, amma sai wani ya zauna ya tambaya. Ana kuma jawo 'yan uwa in akwai su, don su suka san cewa mahaifinsu ba ya wasa da tseren dawakin Kentucky na Asabar ɗin farko ta watan Mayu, ko mahaifiyarsu ta yi shekara arba'in tana waƙa a coci. Makon ƙarshe kuma na shirin rabuwa ne, a tsara yadda za a ci gaba bayan mai ba da shawarar ya daina zuwa da alamun da za a lura da su in ciwon zai dawo.

Bari in kawo abun da na gani da idona, duk da mu ba tsarin nasu muka bi ba, kwaikwayo kawai muka yi ni da wata abokiyar aikina ta ɓangaren nishaɗi. Akwai wata tsohuwa a gidan da nake aiki, ita ce mai tiren da na fara da shi. Mun bi ta da tambayoyi kusan duk a'a take cewa, waƙa a'a, fita waje a'a, zane a'a. Ranar nan na shigo da kwandon tawul daga wajen wanki na ajiye a gefen gadonta ina ninkewa a tsaitsaye ina sauri, sai na ga ta zuba wa hannuna ido, can ta ce ba haka ake yi ba. Ta miƙo hannu, hannun na rawa, ta karɓi ɗaya ta shimfiɗa a cinyarta ta ninka shi gida uku ta shafe shi da tafin hannu ta daidaita bakin, ta ajiye, ta miƙo hannu a ba ta wani. Ashe shekaru ta yi tana aikin gyaran ɗakuna a otal, da shi ta riƙe 'ya'yanta. Ba nishaɗi take nema ba ita, so take a ce akwai abun da ta fi wani iyawa kuma ana buƙatarsa. Muka sa shi a kalanda, ƙarfe goma na safe kwandon ƙananan tawul zai zo ɗakinta. Bayan kwanaki muka ce mata teburin falo ya fi faɗi, ta yarda a tura ta can, a can ɗin kuma akwai wata da ke zama kusa da taga kullum, suka fara magana sama sama. Ban ce ta warke ba, ni ba likita ba ce kuma maganinta ba a daina ba ta ba, amma murfin tiren ya fara ɗaguwa.

Wannan ya tuna mini da tsohon gwajin Ellen Langer da Judith Rodin na 1976 a wani gidan tsofaffi a jihar Connecticut, inda aka ba wasu mazauna shuka aka ce ku za ku kula da ita, ku kuma zaɓi daren da za ku kalli fim, wasu kuma aka ba su shukar aka ce nas za ta shayar muku. Waɗanda aka bar wa ragama sun fi walwala da shiga harkoki. Shuka ce dai a tukunya.

Toh mu koma Louisville, me babban gwajin ya nuna? An buga shi a 2015. Gidajen tsofaffi 23, mazauna 82 masu ciwon damuwa. Gidajen aka raba ta hanyar ƙuri'a ba mutane ba, kuma da dalili, don in ka horar da ma'aikaciya ba za ka ce mata ta yi amfani da abun da ta koya a ɗaki na uku ta manta shi a ɗaki na huɗu ba. Wasu gidajen suka yi BE-ACTIV, sauran suka ci gaba da kulawar da suka saba. A ƙarshen mako goma kusan kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka bi tsarin sun fita daga ciwon bisa tantancewar ƙwararru, a ɗaya ɓangaren kashi 15. Ninki uku kenan, a mutanen da da yawansu dama suna kan ƙwaya. Bayan wata uku ma suna gaba. Ma'aikatan gidajen sun karɓi tsarin, mazaunan ma haka.

Amma akwai abubuwa biyu a sakamakon da bai kamata a tsallake ba, su masu binciken ma ba su ɓoye ba. Na farko, da aka tambayi mazaunan da bakinsu yadda suke ji, duka ɓangarorin biyu sun ce sun samu sauƙi, har waɗanda ba a yi musu tsarin ba, kuma a wannan ma'aunin ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Mutanen da abun da suka samu kawai shi ne wani daga jami'a ya riƙa zuwa lokaci lokaci ya ja kujera ya zauna yana musu tambayoyi yana sauraron amsa, su ma sun ji dama. Ni wannan ya fi komai taɓa ni a duk rahoton, don yana nuna irin ƙishirwar da ke ɗakunan nan.

Na biyu shi ne a wata shida bambancin ya dushe har ba za a iya cewa ga shi ba. Mutum 82 ba su da yawa, kuma a gidan tsofaffi wata shida lokaci ne mai tsawo, wani ya kwanta asibiti wani ya koma wani gidan wani Allah ya yi masa rasuwa, ga wanda bai bi tsarin ba ma yana iya farfaɗowa da kansa, duk wannan na iya shafar lissafi. Amma ni da nake ciki ina da nawa zaton, kuma zato ne na mai aiki ba na mai bincike ba. Ƙarfin tsarin yana wajen wannan zaman na sati sati da wani zai zo ya buɗe kalanda ya ce an yi ko ba a yi ba. Ranar da ya daina zuwa ba wanda ya yanke shawarar a daina, a hankali abun yake zamewa. Ma'aikaciyar da aka horar ta samu aiki mai ɗan albashi mafi kyau ta tafi, wadda ta gaje ta ba ta san da zancen ba, masu duba gidaje daga jiha suna tafe kowa ya koma kan takardu, mura ta shigo gidan an rufe falo sati biyu. Barin aiki a wannan sana'ar ba ƙarami ba ne, kuɗin kaɗan ne aikin kuma mai karya baya. Kuma fiye da rabin waɗanda suka bi tsarin ba su fita daga ciwon gaba ɗaya ba ko a ƙarshen mako goman, kar a manta da su. Wanda damuwarsa ta yi tsanani har yana maganar mutuwa ko ya daina ci kwata kwata, likitan ƙwaƙwalwa yake buƙata da gaggawa, kalanda ita kaɗai ba za ta riƙe shi ba.

Da ni za a tambaya, da na ce a daina ɗaukar abun a matsayin kwas na mako goma da ake gamawa. A rubuta shi cikin tsarin kulawar mutum kamar yadda ake rubuta maganin hawan jini, da lokaci da wanda zai sa hannu, a riƙa karanta shi a wajen miƙa duti, yadda ko sabuwar ma'aikaciyar da ta zo jiya za ta gani. In ƙwaya ta wuce lokacinta da awa biyu sai an rubuta rahoto an kira shugabar nas, amma a yi sati uku ba a fitar da mutum baranda ba babu wanda zai ji. Na kai wannan maganar taron ma'aikata sau biyu, an saurare ni da mutunci, an ce za a duba.

A yanzu dai abun da na iya shi ne na rubuta a ɗan kati da manyan baƙaƙe na manna a cikin ƙofar kabad ɗinta, ƙarfe goma, ƙananan tawul, teburin falo kusa da taga. Asabar da Lahadi ba na duti, kuma masu zuwa ranakun yawanci daga kamfanin haya ake turo su, yau wannan gobe wancan. Ranar Litinin ɗin da ta wuce da na shigo na tarar da ita ta juya wa ƙofa baya, na tambaye ta ko an kawo kwandon, ta ce tun Juma'a ba ta gan shi ba. Na sauka ƙasa wajen wanki na ɗauko.